Hasumiyar da ta rasa cocinta: Yadda aka sayar da ginin mahautan Paris dutse bayan dutse

Idan kana bin shafukan masu yawon buɗe ido a Instagram ko TikTok, da wuya a ce wannan hoton bai taɓa gilmawa ta gabanka ba. Wata doguwar hasumiya ce ta dutse a tsakiyar birnin Paris, tsawonta mita 54, tana tsaye ita kaɗai a cikin wani ɗan lambu. Babu gini a jikinta, babu zaure, babu ɗaki. Mutane su zo su ɗauki selfi, su saka waƙa, su wallafa, a yi ta danna musu layik. Sunanta Tour Saint-Jacques, wato hasumiyar Saint-Jacques.

To amma wa ke gina hasumiya haka kawai a fili? Ba a yi haka ba. Wannan hasumiyar ƙararrawa ce ta wani coci da ake kira Saint-Jacques-de-la-Boucherie, cocin unguwa da ya yi sama da shekara 600 yana aiki. Ba bam ne ya cinye shi ba, ba gobara ba ce, ba kuma girgizar ƙasa ba. Sayar da shi aka yi a shekarar 1797, wanda ya saya ya sa lebura suka farfasa shi, aka kwashe duwatsun aka yi wasu gine-ginen da su. Labarin yadda hakan ta faru, da yadda hasumiyar ta sha da ƙyar, ya fi hoton daɗi.

Cocin unguwa, ba na sarakuna ba

Da farko a bambanta abu biyu. Akwai babban coci irin Notre-Dame, inda bishop ke zama, inda sarakuna da manyan ƙasa ke zuwa bukukuwa. Akwai kuma cocin unguwa, wanda kowane yanki na gari ke da nasa. A Turai ta wancan zamanin, cocin unguwa shi ne komai na talaka da ɗan kasuwa. A nan ake yi wa jariri baftisma, a nan ake ɗaura aure, a nan ake yi wa mamaci addu'a, sau da yawa ma a ƙarƙashin daɓensa ake binne masu hali. Ƙararrawarsa ce agogon unguwa. Littattafansa ne ke riƙe da sunan wanda aka haifa da wanda ya mutu, tun kafin gwamnati ta karɓi wannan aikin.

Saint-Jacques irin wannan ne. Tun a ƙarni na 12 yake wajen, a gaɓar dama ta kogin Seine, kusa da wani ginin hukuma mai kotu da kurkuku da ake kira Grand Châtelet. An raɗa masa sunan Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Yesu. Da yake akwai wasu coci-coci a birnin masu wannan sunan, sai aka ƙara masa laƙabi da abin da unguwar ta shahara da shi. Kalmar boucherie a Faransanci tana nufin mahauta. Kenan sunansa a Hausance shi ne cocin Yakubu na unguwar mahauta.

Kuma da gaske unguwar mahauta ce. Babbar kasuwar naman Paris tana nan maƙwabtaka da shi. Lunguna matsattsu, ga shanu ana korowa, ga masu fiɗa, ga majema, ga jini da ƙazanta suna gangarawa kogi. Ba wajen da mai tsada zai so ya zauna ba ne. Sai dai fa akwai kuɗi.

Mahautan da sarki ke shakka

Kada ka ji an ce mahauta ka ɗauka ƙananan mutane ne. Sana'ar fawa a Paris ta lokacin gado ce, tana hannun wasu 'yan gidaje ƙalilan, uba ya mutu ɗa ya gaji rumfa. Suna da ƙungiya mai ƙarfi, suna da dukiya, suna da yara majiya ƙarfi masu wuƙa a hannu kullum. Abin da ba su da shi shi ne girma a idon masu sarauta, waɗanda ke yi musu kallon masu ƙazamar sana'a.

A shekarar 1413 sun nuna wa kowa ko su wane ne. Ana tsakiyar rikicin mulki tsakanin ɓangarori biyu na gidan sarautar Faransa, sai mahauta suka mara wa mai sarautar Burgundy baya, suka yi bore a ƙarƙashin wani mai fiɗa da ake yi wa laƙabi da Caboche. Suka riƙe birnin na wasu watanni, har sai da sarki ya sa hannu a wata doguwar dokar gyaran mulki. Da abokan gabarsu suka karɓe gari, sai suka rama: a 1416 aka rushe babbar kasuwar naman. Bayan 'yan shekaru, da iska ta juya, aka sake gina ta.

Irin waɗannan mutanen ne da sauran 'yan kasuwar unguwar suka riƙa zuba kuɗi a cocinsu, ana faɗaɗa shi ana ƙawata shi ƙarni bayan ƙarni. Tsakanin 1509 da 1523 aka gina hasumiyar da muke gani yau, da irin salon ginin nan na Gothic na ƙarshe-ƙarshe, mai sassaƙa kamar harshen wuta. Idan ka kalli adon da ke jikinta, ka san saƙo ne. Mutanen da ake rainawa ne ke cewa ga mu nan, kowa ya ɗaga kai ya gani.

Mutumin da intanet ta mayar matsafi

Duk wanda ya karanta ko ya kalli Harry Potter na farko ya san sunan Nicolas Flamel, tsohon nan da aka ce ya mallaki dutsen da ke mayar da ƙarfe zinariya ya kuma hana mutuwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne mutumin gaske ne, kuma ɗan wannan unguwar ne.

An haife shi wajejen 1330. Sana'arsa rubutu. A lokacin ba a ƙirƙiro injin buga littafi a Turai ba, kuma yawancin mutane ba su iya rubutu ba, don haka mai son a rubuta masa wasiƙa ko takardar yarjejeniya ko a kwafa masa littafi, wajen irin su Flamel yake zuwa. 'Yar rumfarsa a jikin bangon cocin Saint-Jacques take, a wani layi da ake kira layin marubuta. Ya auri wata bazawara mai suna Pernelle wadda ta zo da dukiya, suka sayi gidaje, suka yi arziki daidai gwargwado. Ba su haihu ba, sai suka riƙa yin sadaka. Ya biya kuɗin gina wata ƙofa ta cocin. A 1407 ya gina wani gida a layin Montmorency don saukar da marasa galihu, kuma gidan yana nan har yau, yana cikin mafi tsufan gidajen Paris. Ya rasu a 1418, aka binne shi a cikin cocin unguwarsu.

To ina maganar zinariya ta fito? Kusan shekara 200 bayan mutuwarsa, a 1612, wani littafi ya fito a Paris da sunansa a matsayin marubuci, yana ba da labarin yadda wai ya gano sirrin haɗa zinariya. Masana tarihi sun tabbatar ba shi ya rubuta ba. Amma labarin ya yi daɗi, sai ya bazu. Aka riƙa cewa bai mutu ba, wasu har suka riƙa haƙa a gidansa suna neman taska. Ka ga labarin ƙarya bai jira zuwan Facebook ba. Shekara 400 ke nan yana yawo, kuma har gobe idan ka buga sunan mutumin a intanet, matsafin za ka fara cin karo da shi kafin mai rubuta wa jama'a wasiƙa.

Allon dutsen kabarinsa ma ya sha wahala. Da aka rushe cocin ya ɓace, sai daga baya aka gano shi a hannun 'yan kasuwa. Labarin da ya shahara shi ne wani mai sayar da ganye ya mayar da shi abin yanka kayan miya. Yanzu yana ajiye a gidan tarihi na Cluny, a tsallaken kogi.

Ranar da coci ya zama kaya

A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. Baitulmalin ƙasa babu komai sai bashi, Cocin Katolika kuwa ya mallaki filaye da gine-gine masu tarin yawa. Ranar 2 ga Nuwamban wannan shekarar, majalisa ta zartar cewa dukiyar coci ta koma hannun al'umma. Aka buga takardun kuɗi da ake kira assignat, waɗanda wannan dukiyar ce jinginarsu, aka shiga gwanjon filaye da gine-gine.

Da tafiya ta yi nisa, abin ya wuce maganar kuɗi ya koma yaƙi da addinin kansa. A watan Nuwamban 1793 hukumar birnin Paris ta ba da umarnin a rufe coci-coci. Aka sassauke ƙararrawa a faɗin ƙasar ana narkarwa don yin igwa da kuɗin ƙarfe. Wasu gine-ginen aka mayar da su sito, wasu wajen taro. Daga baya an sake buɗe wasu. Saint-Jacques bai samu wannan sa'ar ba.

A 1797 aka sayar da shi. Wanda ya saya ba ibada ta dame shi ba, ba tarihi ba. Lissafi ya yi: ga sassaƙaƙƙen dutse, ga katako, ga ƙarfe, ga dalmar rufi, ga kuma fili a tsakiyar gari. A idonsa wannan ba coci ba ne, tarin kayan gini ne da aka riga aka kawo masa har wajen aiki. Haka aka bi shi aka warware, har da kaburburan da ke ciki.

Abu ɗaya ya tsayar da gudumar. A cikin takardar cinikin an saka sharaɗi cewa ba za a taɓa hasumiyar ba. Shi ke nan fa. Ba zanga-zanga aka yi ba, ba soja aka girke ba. Layi ne a cikin takarda. Duk hotunan da ake ɗauka a wajen yau, albarkacin wannan layin ake ci.

Kasuwar gwanjo da masana'antar harsashi

Tsira daga rushewa daban, samun daraja daban. A filin da cocin yake, kasuwar tufafin gwanjo ta zauna. Ita kuwa hasumiyar, a shekarun 1820 wani mai sana'a ya mayar da ita wajen yin harsashin bindigar farauta. Yadda ake yi yana da ban sha'awa. Ana narka dalma a can sama, a zuba ta cikin wata rariya. Ɗigon da ke faɗowa yana dunƙulewa ya zama ƙwallo tun yana cikin iska, ya ɗan huce, sannan ya faɗa cikin ruwan da aka tara a ƙasa. Aikin yana buƙatar wuri mai tsawo sosai, ga shi kuma mahauta sun gina tun shekara 300 da suka wuce. Wato abin da aka yi don kiran mutane ibada ya koma wajen ƙera abin kisa. Amma a gefe guda, amfanin da take yi wa mai ita ya sa babu wanda ya yi gaggawar kayar da ita.

A daidai wannan lokacin ne tunanin mutane ya fara canzawa. Tun a 1794 wani limamin coci kuma ɗan majalisa, Henri Grégoire, ya yaɗa kalmar vandalisme don sukar masu lalata kayan tarihi, kalmar da ta shiga harsuna da yawa daga baya. Sai kuma marubuci Victor Hugo. A 1831 ya fitar da littafinsa kan Notre-Dame, wanda ya sa 'yan Paris suka fara kallon tsofaffin gine-ginensu da sabon ido. A 1832 ya wallafa wata zazzafar maƙala yana shelanta yaƙi da masu rushe-rushe. Shekarunsa 30 kacal a lokacin. A yaren yau sai mu ce saurayi ne mai mabiya, ya yi amfani da su a kan abin da ya dame shi.

Maganar ta yi tasiri. Tun a 1830 ma gwamnati ta naɗa jami'i na musamman mai kula da gine-ginen tarihi, muƙamin da marubuci Prosper Mérimée ya riƙe daga 1834. A 1836 hukumar birnin Paris ta sayi hasumiyar a kan kuɗi kimanin faran 250,000. Duba ikon Allah: abin da hukuma ta sayar a matsayin tarkace, ita ce ta dawo ta zuba kuɗi ta fanshi ragowarsa, ba a ko cika shekara 40 ba.

Sai unguwar ta bi cocin

Kashi na biyu na rushewar ba a cika maganarsa ba, alhali ya fi na farko taɓa mutane. A shekarun 1850, zamanin Napoleon na Uku, aka shiga sake fasalin Paris gaba ɗaya, aikin da Georges-Eugène Haussmann ya jagoranta daga 1853 zuwa 1870. Aka miƙar da babban titin Rivoli ta tsakiyar tsohuwar unguwar, aka fasa wani babban titin, Sébastopol, ya ratsa ta gefe. Lungunan mahauta da na marubuta, da gidajen da ke cikinsu, duk aka share.

Masu aikin suna da hujjarsu. Unguwar ta cunkushe, babu iska, babu magudanar ruwa, kuma cutar kwalara ta kashe dubban mutane a Paris a 1832 da 1849, ta fi yin ɓarna a irin waɗannan lungunan. Sai dai waɗanda aka tasa mafi yawansu talakawa ne 'yan haya. Diyya ta masu gida ce. Sabbin gidajen da aka gina sun fi ƙarfin aljihunsu, dole da yawa suka koma gefen gari.

Ita hasumiyar a kan ɗan tudu take, sabon titin kuma yana buƙatar a baje ƙasa. Da aka kwashe tudun sai gindinta ya fito fili. Magini Théodore Ballu ya tallafe ta, ya yi mata sabon dandamali mai matakala, ya gyara abin da ya lalace, aka sake sassaƙa gumakan da ke samanta. Shi ya sa yau za ka ga kamar an ɗora ta a kan wani teburi. A 1856 aka buɗe lambun da ke kewaye da ita, a 1862 aka saka ta cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

A gindinta aka kafa mutum-mutumin Blaise Pascal, masanin nan da ɗaliban kimiyya suka san sunansa a ma'aunin nauyin iska. A 1648 ya nuna cewa duk yadda mutum ya ƙara hawa sama, zaibar da ke cikin bututun gwaji tana ƙara sauka, wato iska tana da nauyi kuma yana raguwa a sama. Ya maimaita gwajin a kan hasumiyar wani coci mai suna Saint-Jacques a Paris. Sai dai masana sun yi saɓani: wasu sun ce wannan ce, wasu sun ce ta wani cocin ce mai irin sunan a tsallaken kogi. Duk da haka mutum-mutumin yana nan zaune daram. Daga 1891 kuma aka kafa tashar duba yanayi a samanta, ta yi fiye da shekara 100 tana aiki.

Abin da hoto ba ya ɗauka

A 1998 hukumar UNESCO ta saka hasumiyar cikin kayan tarihi na duniya, tare da sauran wuraren da ke kan hanyoyin masu ziyarar ibada zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya, inda Kiristoci suka yi imani an binne Yakubun da cocin ke ɗauke da sunansa. Har yau akwai masu fara tattakinsu daga gindinta, tafiyar sama da kilomita 1,000. An rufe ta na wasu shekaru ana gyara saboda duwatsu sun fara ɓantarewa, aka kammala a 2009. Daga 2013 aka fara barin mutane su hau a wasu watanni na shekara. Matakala wajen 300 ne, babu lif, sai mai ƙwarin gwiwa.

Daga can sama ana hango Notre-Dame, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Kowa ya tuna daren 15 ga Afrilun 2019 da ta kama da wuta. Duniya ta kalla kai tsaye a waya, aka yi ta kuka a shafukan sada zumunta, aka tara sama da yuro miliyan 800, zuwa Disamban 2024 an sake buɗe ta. Madalla da hakan. Amma ka kwatanta da maƙwabcinta. Notre-Dame ta ƙone a dare ɗaya a gaban kyamara, shi ya sa kowa ya tashi. Saint-Jacques kuwa a hankali ya tafi, da rana tsaka, da takarda da sa hannu, bisa doka. Irin wannan rushewar ba ta da bidiyon da zai yi tashe. Kafin mutane su farga, sai dai su tarar da fili.

Kuma dubi abin da ya rage a bakin mutane. Sunan Pascal, wanda ba a ma daddale ko a nan ya yi gwajinsa ba. Sunan Flamel, saboda tsafin da bai taɓa yi ba. Mahautan da suka biya kuɗin ginin, da masu fiɗa, da matan da aka ɗaura wa aure a ciki, da 'yan hayan da aka kora a shekarun 1850, babu mai saka su a ƙasan hoto. Hatta sunan ya gajarce: hasumiyar Saint-Jacques kawai ake cewa, kalmar mahauta ta faɗi a hanya.

Mu da muke rayuwa da waya a hannu, muna da abin da mutanen 1797 ba su da shi. Kowannenmu yana iya ɗaukar hoto, ya naɗi muryar tsoho, ya ajiye kwanan wata, ya karanta takardar da aka sa wa hannu kafin katafila ta iso. Sai dai na'urar da ke iya adana gaskiya ita ce kuma ke yaɗa labarin matsafi cikin daƙiƙa. Don haka idan tsohon gini ya burge ka har za ka wallafa, ɗan tsaya ka nemi amsar tambaya uku: wa ya gina shi, su wa suka zauna a kewayensa, me ya ɓace daga jikinsa? Ka rubuta amsar a ƙasan hoton, ko da layi biyu ne.

Wanda kuma Allah ya kai shi Paris, ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Châtelet, hasumiyar tana nan kusa. Bayan ya gama ɗaukar hoto, ya tsallaka titin Rivoli. Akwai wasu ƙananan layuka biyu da suka gitta juna, ɗaya sunansa Nicolas-Flamel, ɗayan Pernelle. A nan wajen gidansu yake, kuma daga nan mutumin ke fitowa kowace safiya ya nufi rumfarsa a jikin bangon da yanzu babu shi.